Shafi Huɗu da Aka Yanke da Reza

Bakura, 13 ga Satumba, 2021

Ɗiyata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya haƙuri da wanga zama babu waya? Tunda anka yanke layi sai mu koma ma takarda. Ɗanlami direba zai kawo miki.

Dikko ɗan Mai Unguwa Balarabe ya buga littafi kan tarihin ilimi a garinmu na haihuwa. Ya ce mace ta farko da ta shiga firamare ƙanwarshi ce, marigayiya Taiba Balarabe, wai mu mahauta mu munka fi kowa ɓoye ɗiya. Don haka ƙungiyar gari za ta sa ma sabuwar makarantar matan aure sunanta, har da hotonta. Biyu ga Oktoba za su yanke.

Ni ce yarinyar. A 1967 anka ce kowane mai unguwa ya ba da ɗiya guda daga gidanshi. Balarabe ya tura Taiba Faru wurin kakarta, ya aiko anka ɗauke ni daga rumfar fawar babanmu, anka rubuta ni da sunanta. Shekara talatin da biyar na koyar da sunan wata. Sunana na yanka, Marka, cikin gida kawai ya tsira. Na kai ma 'yan ƙungiya takarduna, yaran nan sunka ce ai suna ne ya zo ɗaya. Tsofaffin da sunka sani duk sun kwanta dama.

Aikin laburare kika karanta, cikin littattafai kike wuni. Ki nemo min abin da zan kunyata shi da shi gaban jama'a. Ba ban haƙuri nike so ba.

Goggonki, Marka.

*

Talata Mafara, 16 ga Satumba, 2021

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Akwai littafin Malam Dikko a sashenmu na littattafan da ba a fita da su. Maganar tana shafi na 23, kuma bai faɗi inda ya samo ta ba. A ƙarshe ya jera manazarta tara, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Takwas ba su ambaci garinku ba. Na taran kundin kammala karatu ne na wani ɗalibin Sashen Ilimi na makarantarmu, Shamsu Jangebe, 1984.

Na samo kundin a kanta ta uku. Jerin abin da ke ciki ya nuna akwai hira da hedimastan farko a kan ɗaukar 'yan mata, daga shafi na 41. Goggo, daga 40 sai 45. An yanke shafi huɗu daga gindi, yanka miƙaƙƙe irin na reza. Ba gara ba ce, na san cin gara.

Duk mai karɓar kundi a nan sai ya sa hannu a rajista. Malam Dikko ya karɓe shi ranakun 4, 5 da 11 ga Fabrairu, 2019. Kafin shi, rabon da a taɓa kundin tun 2011. Bayan shi sai ni.

Ban ce shi ya yanke ba. Na ce shi ne na ƙarshe da ya riƙe shi. Don Allah kada ki faɗa wa kowa tukuna. Wata uku aka ba ni na gwaji a aikin nan, yau saura kwana arba'in da ɗaya.

'Yarki, Hamdiyya.

*

Bakura, 18 ga Satumba, 2021

Hamdiyya,

Sallama da gaisuwa. Ke da "ban ce ba"! To reza da ƙafarta ta shigo, ta sa hannu, ta fita? Ubanki ma haka yake, sai an nuna mishi ƙaho kafin ya yarda sa ne.

Lokacin da na yi nawa kundi, kwafi huɗu anka sa mu ɗaure: na laburare, na sashe, na malami, na ɗalibi. Dikko ɗaya ya yanka. Tashi ki nemo 'yan uwanshi.

Goggonki.

*

Talata Mafara, 23 ga Satumba, 2021

Goggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Kwana uku na yi a sito na Sashen Ilimi, ni da tsumma da atishawa. Jiya ƙarfe sha ɗaya saura na samu kwafin sashe. Ruwa ya taɓa bangon, amma shafukan suna nan cif. Ga abin da hedimastan ya ce a shafi na 42, ban ƙara ban rage ba:

"Wadda muka rubuta Taiba Balarabe ba ɗiyar mai unguwa ba ce. Ɗiyar Ɗan Asabe mahauci ce, Marka. Ubanta ya zo washegari ya ce tunda an ɗauke ta, to a koya mata da gaske, kada a mai da ita mai shara. Duk Juma'a sai ya aiko wa malamai tsoka."

Sau biyar na karanta. Ban san Kaka Ɗan Asabe ba, amma na zauna a kan buhun tsofaffin takardu na yi kuka. Mutumin da aka ƙwace wa 'ya, ya bi ta da tsoka don ta yi karatu, shi aka buga a littafi cewa maƙiyin ilimi ne. Kwafi ɗari biyar, haka bangon littafin Malam Dikko ya nuna.

Na yi hoto uku na shafukan, sakataren sashe ya buga hatimi a kan kowanne. Na kuma kwafe ranakun rajista.

Sai dai shugabanmu na laburare ya gan ni da kundin. Ya ce, "Hamdiyya, Malam Dikko ajinmu ɗaya, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya tonon tsohuwar rijiya." Ban aiko miki da takardun ba tukuna, ki ba ni kwana biyu in yi tunani.

'Yarki, Hamdiyya.

*

Maradun, 26 ga Satumba, 2021

Zuwa ga 'yata Malama Hamdiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, Allah ya yi wa karatunki albarka.

Labarin bincikenki ya iso gare ni ta bakin shugabanki. Ba zan yi miki musu ba, ni na cire shafukan, Allah ya gafarta mini. Amma ki san wani abu. Taiba ta rayu ta mutu ba ta iya rubuta sunanta ba. Duk ranar da ta ga Malama Marka da jakar makaranta sai ta shige ɗaki. Ta taɓa ce mini, "Yaya, kujerata ce fa." Na ga ban ba ta komai ba tana raye, na so in ba ta allon makaranta guda mai ɗauke da sunanta. 'Ya'yanta bakwai sun riga sun ɗinka ankon bikin.

Ki bari taro ya wuce. A bugu na biyu zan cire maganar mahauta, in saka sunan Malama Marka a godiya. Shugabanki kuma abokin karatuna ne, maganar tabbatar da ke a aiki ba za ta gagara ba. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa.

Wassalam. Babanki, Dikko Balarabe.

*

Talata Mafara, 28 ga Satumba, 2021

Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, Allah ya jiƙan Hajiya Taiba. An zalunce ta, kuma ba mahauta suka zalunce ta ba.

Wasiƙarka ta iso jiya ƙarfe tara da rabi na safe. Har lokacin takardun suna cikin jakata, ina tsoro. Na karanta ta sau biyu, na nemi inda ka ambaci sunan kakana, ban samu ba.

Ƙarfe goma da kwata na ba Ɗanlami ambulan biyu, ɗaya ta shugaban ƙungiya, ɗaya ta Goggo. Na haɗa da hoton wasiƙarka, domin ita ce hujjar da ta rage mini. Kwafi na uku na liƙa shi a littafinka da ke kantarmu, daf da shafi na 23.

Ina so lissafin ya fito daidai, kada a ce maka saɓani aka yi. Sai da na karanta roƙonka sannan na aika.

Ɗanlami ya dawo mini da amsar Goggo, ta ce za ta zo taron, za ta zauna a sahun gaba.

Na bar ka lafiya.

Hamdiyya, jikar Ɗan Asabe mahauci.