An Ba Ni Lissafi, Na Durƙusar da Mai Gaskiya

Zuwa ga Hajiya Hasiya,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan wani abu ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Ki sakaya sunana, don jaridar nan hannu-hannu take yawo a ɗakin malamanmu.

Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata ta wajen Rafin Guza. Hausa da Tarihi na karanta, shekara shida ina koyar da su, kuma ba yabon kai ba, ajina ba a gyangyaɗi. To tun da malamai 'yan ƙasar Gana suka tattara suka koma gida, lissafi ya zama maraya a makarantarmu. Malam Rabe kaɗai ya rage, shi ke ɗauke da aji biyu da aji uku. Farkon zangon nan shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce in karɓi lissafin aji ɗaya, rukuni uku duka. Na gaya mata ni da lissafi ba ma ga-maciji tun ina ɗaliba, da ƙyar na tsallake shi. Ta ce ai na aji ɗaya ne, kuma malami malami ne. Hausata kuwa aka raba wa duk mai sarari, wai kowa da ita aka haife shi. Wannan ma ya ƙona mini rai, amma ba shi ya kawo ni ba.

Malamin da ya tafi ya bar wani ƙaton littafi na rubutun hannunsa a kabad, darasi bi da bi. Shi ya zama sandata. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa sai in haddace shafin ranar kamar mai tilawa, in shiga in zuba shi a allo. Shafi ɗaya tak nake gaban yaran. In wata ta yi tambaya sai in ce a kwafa tukuna, lokaci na ƙurewa.

Ashe rufin ɗakin da kabad ɗin yake ya taɓa yoyo. Shafin da ke koyar da tara rabi da sulusi da ire-irensu ya jiƙe, tawadar ta narke. Na bayansa, wanda ke maganar ninkawa, yana nan garau: na sama sau na sama, na ƙasa sau na ƙasa. Sai na ce ai tarawa ma haka za ta kasance. Na rubuta ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa uku, na haɗa na sama, na haɗa na ƙasa, na ce biyu bisa biyar. Yara sama da ɗari suka kwafa.

A rukuni na ƙarshe wata yarinya, Zuwaira, ta ɗaga hannu. Babanta Bakatsine ne, mai awon hatsi a Babbar Kasuwa, ita kuwa kullum tana benci na gaba. Cikin ladabi ta ce a rumfar babanta in an auna rabin mudu aka ƙara sulusi, mudun kusan cika yake, biyu bisa biyar kuwa ko rabi bai kai ba, ta yaya za a ƙara abu ya ragu? Wata ta yi dariya daga baya. Wallahi Hajiya, a lokacin ban ma fahimci maganar yarinyar ba, dariyar kawai na ji. Na fito da ita na sa ta durƙusa, hannu sama, har aka tashi. Na kuma ce mata nan makaranta ce, ba rumfar hatsi ba. Wannan kalmar ita ta fi ci mini rai.

Da na koma gida zan ɗora girki, na auna rabin mudun shinkafa, na ƙara sulusi. Saura kaɗan ya cika. Nan na zauna a ƙasa, ranar sai da tuwon maƙwabta muka kwana.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, shekara goma sha takwas a ofis. Ya ce a aikin gwamnati ba a cewa an yi kuskure, sai dai a fito da sabuwar takarda. Wai in shiga in ce ga wata sabuwar hanya, a tsallake wancan shafi. In na amsa laifi yara za su raina ni, magana ta kai ga iyaye, ta kai ga shugaba. Ina ganin gaskiyarsa, don mutuncin nan shi kaɗai nake shiga ajin lissafi da shi. Malam Rabe kuma ƙanen bayana ne, ina jin nauyin in je masa da tambayar aji ɗaya.

Amma Zuwaira ta koma benci na baya, ta daina ɗaga hannu. Makon jiya na yi musu gwaji, na sa tambayar da gangan ko ita za ta rubuta gaskiya in samu ƙofar gyara. Ta rubuta biyu bisa biyar. Takardar tana cikin jakata, na kasa sa mata jan biro. Yaya zan yi?

Malama Mai Alli,
Unguwar Sarki, Kaduna.

*

Wa'alaikumus salam, ƙanwata Mai Alli.

Ki fara da sauke rabin kayan da ke kanki, don ba naki ba ne. Ba ke kika kori malamai ba, ba ke kika raba darussa ba. Shugabarki ma ba mugunta ta yi ba, rukuni uku ta gani ba malami, ta kama wadda ta san ba ta fashi. Kuma wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A wani taron malamai na ji wanda ya dawo daga karatu a waje yana cewa can ma masu bincike suna kuka da shi, musamman a lissafi da kimiyya, kuma malamin da aka ɗora wa abin da bai karanta ba yakan manne wa littafi, ya tsani tambaya. Ni kaina an taɓa ba ni darasin labarin ƙasa in koyar ina sabuwar malama, na shekara ina tsoron taswira. Don haka biyu bisa biyar bai ba ni mamaki ba.

Durƙuson nan da maganar rumfar hatsi kuwa naki ne, ke kuma za ki gyara.

Maigidanki yana kare ki ne, a gaishe shi. Dabararsa za ta gyara littattafan yara ɗari, amma ba za ta gyara Zuwaira ba. Yarinyar nan ta ga gaskiya da idonta, ta faɗa, aka durƙusar da ita, yanzu ta koyi rubuta abin da ta san ƙarya ne don a bar ta lafiya. Wannan darasin ya fi kuskuren lissafi muni, kuma shi ta fi saurin haddacewa. Rainin da yake ji miki tsoro, ai duk 'yar da uwarta ke da mudu a gida ta riga ta gwada. Malamanmu na zaure, da duk iliminsu, ba sa jin kunyar cewa Allahu a'alamu, kuma ba a taɓa janye musu buzu ba.

Gobe ki fara zuwa wurin shugaba, ta ji daga bakinki kafin ta ji a bakin iyaye. Ki nemi a tura ki kwas lokacin hutu, a kuma mayar miki da Hausar ko rukuni guda ne, don mutum yana bukatar inda zai tsaya da ƙafarsa. Daga nan ki wuce wurin Malam Rabe. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Awa ɗaya a mako ya ishe ku, amma ki ce ya nuna miki dalilin kowace ƙa'ida, haddar nan ta isa haka. Gwajin da kika yi kuma ki soke shi.

Ranar Litinin ki sa mudu da gero a jaka. A gaban ajin da kika durƙusar da ita, ki ce kin yi kuskure, Zuwaira ce da gaskiya, ki nemi afuwarta a taƙaice ba tare da kuka ba. Ki miƙa mata mudun ta auna kowa ya gani. Sannan ki ba ta takardarta da jan bironki, ta soke biyu bisa biyar da hannunta, ta rubuta biyar bisa shida.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sa albarka a allinki, Ya dawo da Zuwaira benci na gaba.

Hajiya Hasiya