Lambar Bapak Mai Ɗaya Talatin da Bakwai

Salatiga, 3 ga Mayu

Zuwa ga yayana Mas Pranoto,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Mbak Lastri da yara, da aiki a Batam. Mu nan alhamdulillahi, in ban da idon mahaifinmu Bapak da kullum ƙara dushewa yake.

Mas, na tsokano abin da ya fi ƙarfina. Ka san lambar nan tasa, ɗaya-ɗaya har talatin da bakwai a jere, wadda shekara goma sha tara ke nan yana neman lambar da za ta raba ta ba saura. Tun muna yara yake cika mana kunne cewa ba kowace lamba ake gwadawa ba, sai wadda in an cire mata ɗaya, saba'in da huɗu za ta raba ta ba saura. Bayan kowace salla ya gwada guda, da fensir, don shi a ganinsa na'ura ta ragwaye ce.

To ni raguwar, ranar Talata na buga ta a kwamfutar ofishinmu. Kafin in kurɓi shayi ta ba ni amsa: 2,028,119. Wallahi Bapak ya wuce nan tuni. Na binciko littattafansa, na sami shafin a littafi na ashirin da shida. Ya gwada ta, Mas! A layi na tara ya manta ɗayan da ya ara. Kwanan watan da ke saman shafin kuwa ranar addu'ar bakwai ɗin mahaifiyarmu Ibu ce.

Shekara huɗu yana tafiya, abin da yake nema yana bayansa. Likita ya ce da wuya idon ya kai baɗi. Kuma ka san gidanmu, ina ɗa ya isa ya ce wa Bapak ya yi kuskure? Mutumin da ya koyar da lissafi shekara talatin! Kai da ka iya ba da shawara daga nesa, ga fili.

Ƙanwarka,
Sekar

Salatiga, 21 ga Mayu

Mas Pranoto,

Bayan gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin ɗanka ya sauka. Na ga wasiƙarka. Wai in yi shiru in bar tsoho da abin da ke ɗebe masa kewa. Sannu, sarkin haƙuri! Ba kai kake ganin yana kai takarda har kan hancinsa ba.

Ban yi shiru ba, ban kuma faɗa masa ba. Ranar Lahadi bayan la'asar na kai masa shayi, na durƙusa na ce na manta dogon rabawa, ya tuna mini. Ya yi dariya ya ce asarar kuɗin makaranta kawai aka yi a kaina. Na buɗe littafin a shafin nan kamar da ka, na ce mu yi wannan.

Yana faɗa ina rubutawa. Da muka zo layi na tara sai ya tsaya, ya ce in sake karanta masa. Daga nan bai ƙara tsokanata ba, muka yi ta gangarowa har ƙasa. Sifili, Mas. Ba saura ko ɗaya.

Na ɗauka zai yi murna ko ya yi faɗa. Sai ya ce in karanta masa kwanan watan. Na karanta. Sannan ya ce, "Ranar nan ba lissafi nake ba, Nduk 'yata. Ɓuya na zo yi, kada baƙi su ga ina kuka."

Ya miƙo mini fensirin ya ce in rubuta amsar da hannuna, tunda ni na san shafin da zan buɗe. Ashe ya gane ni tun farko. Kunya ta kama ni, na yi ta kuka kamar yarinya, shi yake ba ni haƙuri.

Jiya da asuba ya idar da salla, ya zauna a gaban tebur, babu abin gwadawa. Ka nemi hutu ka zo gida, Mas. Yanzu yana da lokacinmu.

Ka gaida Mbak Lastri da yara.

Taka,
Sekar