Ɗalibaina sun kwaikwayi har ɗingishina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni malamar rawa ce, shekarata goma sha huɗu ina koyarwa a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki, mai dogon madubi da fanka biyu, ɗayar ma sai an zungure ta da sanda take juyawa. 'Yan mata goma sha ɗaya ne a hannuna. Shekara shida da suka wuce na yi tsalle na sauka ba daidai ba, gwiwata ta hagu ta yi ƙara. Ban je asibiti ba, na shafa man zafi, na ɗaure da bandeji a ƙarƙashin wando, na ci gaba. Ko maigidana ce masa nake gajiya ce, don na san yana ji zai ce in ajiye aikin. Tun daga nan, in zan sauka daga tsalle sai in karkace in jibga nauyina a ƙafar dama. Na saba har na manta ina yi.

To kin san halin ɗalibi, ido yake bi, ba baki ba. Watan jiya uku daga cikinsu suka fara kukan ciwon gwiwar dama. A cikinsu akwai wadda muke kira Barewa saboda tsallenta, ita ce gwanata, yanzu da ƙyar take hawa benen nan. Ƙanwata tana aikin gashin ƙashi a asibiti, ran nan ta zo ɗaukata, ta zauna tana kallon atisaye. Muna shiga mota ta ce duk yaran nan saukar mai ciwo suke yi, wa ya koya musu? Anti, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Su a ganinsu karkacewar nan salo ce, har gasa suke wa ta fi kama da ni. Sai kuma na lura ba sa cin komai kafin atisaye, don sun ga shayi kawai nake kurɓa. Ni kuwa ƙwayoyin rage ciwo ne suka ɓata mini ciki.

Saura mako biyar mu yi wasa a gaban jama'a, Barewa ce a sahun gaba. In na faɗi gaskiya, iyaye za su ce gurguwa ce ke koya wa 'ya'yansu rawa, su kwashe su. In na yi shiru, ina tsoron yarinyar nan ta nakasa tun tana shekara goma sha bakwai. Ko in riƙa gyara musu saukar a hankali ba tare da na tona kaina ba?

Malama mai bandeji

Amsa

'Yar'uwa, sannu da fama. Shekara shida kina hawa bene da gwiwa mai ciwo kina murmushi, kin yi haƙuri, amma haƙurin ya yi yawa tunda ya fara taɓa 'ya'yan mutane.

Tsoronki ba na banza ba ne. Wataƙila uwa ɗaya ko biyu su janye 'ya'yansu, ba zan rufe ki ba. Sai dai gyaran ɓoye da kike tunani ba zai kai ki ko'ina ba. Bakinki zai ce su sauka a miƙe, ƙafarki tana nuna musu wani abu dabam.

Ki fara da kanki. Ki bi ƙanwarki asibiti a makon nan a duba gwiwar da cikin, ki daina haɗiyar ƙwayoyin nan ba da sanin likita ba. Maigida kuma ya ji daga bakinki, kada ya tsinci labarin a waje. Barewa da sauran biyun su dakata da tsalle sai likita ya gan su, ko da wasan zai wuce su. Za su yi fushi, za su huce.

Sannan ki tara yaran da iyayensu, ki naɗe ƙafar wando su ga bandejin, ki gaya musu karkacewar nan ciwo ce. Ki roƙi ƙanwarki ta nuna musu yadda ake sauka: ƙafa biyu su raba nauyi, gwiwa ta lanƙwasa tana fuskantar yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki. Ki bar yin tsallen gwaji da kanki, ki zaɓi wadda saukarta ta fi lafiya ta riƙa nunawa, ke ki tsaya gefe kina gyara. Maganar abinci kuwa wa'azi ba zai yi ba. Ki sa doka kowa ta ci abinci kamar awa biyu kafin atisaye, ta zo da gorar ruwa, ke ma su gan ki kina ɓare ayaba ko dafaffen ƙwai a gabansu.

Kuma ki shirya zuciyarki. Ranar da kika faɗi naki, kada ki yi mamaki in wasu biyu suka ɗaga hannu suka ce su ma sun daɗe suna ɓoye nasu, don ba su taɓa jin an ce wayyo a ɗakin nan ba. Allah ya ba ki lafiya, ya tashi kafaɗun yaran nan, ya bar ki da sana'arki.