Hayaƙin Tsohuwar Kwamfuta

Umdurman, Afrilu 2009

Aminina Kabo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hadizatu da jikoki da mutanen Kano. Yaya gwiwar taka? Ni dai ina nan. Tsufa bai kayar da ni ba tukuna, gwamnati ma ta gwada ta gaji.

Ka tuna kwamfutar nan mai koren rubutu da muka koyar da ɗalibai da ita, kafin sojoji su sallame mu wai don maslahar jama'a? Da waɗanda suka gaje mu suka watsar da ita, ni na ɗauko ta. Nakan kunna ta bayan la'asar in ba ta ɗan lissafi. A garin nan ita kaɗai ke ba ni amsa ba ƙarya.

Ranar Juma'a ina masallaci ta yi hayaƙi. Na dawo na tarar an ɓalle mini ƙofa, ɗaki na warin ƙonannen sukari, maƙwabciyata Ni'mat tsaye da bokiti. Allah ya sa mijinta ya zare fulogi kafin ta sheƙa ruwan.

Da yamma ɗana Saifuddeen ya iso daga unguwarsu ta Kalakla. A gaban mutane ya ce Baba ya fara mantuwa, ya bar inji a kunne, wata rana unguwa zai ƙone. Da Larabci ya faɗa, yana rage murya, kamar ba ni na koya masa alif ba. Ya yanke hukunci: ƙarshen wata zai zo da mota, kwamfuta ta tafi wajen 'yan gwangwan, ni in koma wani ɗaki a gidansa, nan kuma a zuba 'yan haya. Na rantse masa a kashe take. Ya shafa mini kafaɗa.

A kashe take, Kabo. Kai ka san kafasitocin nan, 'yan ƙananan kayan cikinta da ke tace wuta, suna gaban makunni. Muddin fulogi na jikin bango, wuta na kansu. Sau ɗaya aka fitar da ni daga wurina na yi shiru. Ba za a yi na biyu ba.

Ka gaida kowa.

Naka har kullum,
Ishaku

Umdurman, Mayu 2009

Aminina Kabo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gida lafiya. Na ji shawararka ta in bi yaro a hankali. Kai ma ka tsufa.

Na buɗe kwamfutar. Kafasita ɗaya ta fashe, ɗayar duk jikinta tsaga kamar faso a dunduniya. Irin na dā ne, takarda ce a ciki, in laima ta bi tsagar sai su kama da wuta. To ina laima a Umdurman, inda burodi ke bushewa kafin ka kai shi gida? Sai na ɗaga kai na ga mukayyif, na'urar sanyin nan mai aiki da ruwa, wadda Saifuddeen ya kafa mini kwanan baya don kada a ce ya yar da ubansa. Kan teburin take hura danshinta dare da rana.

Na samo sababbi a kasuwa, masu jure wutar bango. Na bari manyan kafasitoci suka huce, na narke dalma na cire matattun biyu. Na ƙone yatsa, amma liƙin ya fita tsaf.

Jiya Saifuddeen ya zo da mota da lebura biyu. Na zaunar da shi, na sa masa fasasshiyar kafasitar a tafin hannu, na nuna masa inda wayar wuta ke shiga da inda makunni yake. Sannan na kunna. Koren rubutu ya fito, ba hayaƙi. Ya daɗe yana juya abin. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya ce to ai in haka ne kwamfuta da mukayyif ba za su zauna ɗaki ɗaya ba, tsoho kuwa ba zai iya bazara babu sanyi ba, sai in zaɓa. Ya ɗauka ya kama ni.

Na ce da leburorin su kwance mukayyif.

Ɗayansu ya tambaye ni ko lafiya, Haj, wato Alhaji? Na ce lau, su dai kula da bango. Suka ɗora ta a mota. Saifuddeen ya ƙi shan kofin da na dafa, ya ce taurin kai ne zai kashe ni. Na ce gara shi, aƙalla nawa ne. Ya tafi bai waiwayo ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, wannan ya yi mini ciwo.

Ka yi haƙuri da tabon da ke takardar nan, gumi ne. Zafin ba ya faɗuwa. In za ka ba da amsa, adireshin bai canza ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Amininka,
Ishaku