Kwalba Ɗaya Daga Rijiyar Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka? Ya Inna da jikoki?

Ka ce har yau ba ka gane aikin da ya raba ni da gida shekara uku ba. Ai sana'arka na gada, sai dai ni ba na shiga rami. Kai in ka haƙa rijiya kakan kurɓi ruwan ka furzar, ka ce da kanwa ko babu. Ni kuwa zaren gilashi nake tsomawa, siriri kamar silin gashi. Mukan shafa wa bakinsa ƙurar zinariya da ido ba ya gani, mu tura haske ta ciki. In akwai ƙarfe ko dalma a ruwan, sai hasken ya dawo da wata kama. Na gaya wa maigidanmu na wurin aiki harshenka ya fi na'urarsa araha, ya yi ta dariya.

Don Allah a aiko mini da kwalba ɗaya ta ruwan rijiyarmu. Na ce wa abokan aikina gwaji zan yi, amma gaskiya kewa ce. Ruwan famfon nan ba ya kashe mini ƙishi.

Taka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Kwalba ta iso, Inna ta ɗaure bakinta da tsumma. Da na buɗe, ƙamshin jiƙaƙƙiyar igiyar guga ya buge ni, sai hawaye. Har na kai baki, abokiyar aikina ta riƙe mini hannu ta ce, "Ba gwaji kika ce ba? Fara tsoma zaren."

Baba, akwai dalma, da yawa. Sau uku ina sake zare ina roƙon Allah ya sa na'urar ce ta yi ƙarya. Ina zargin masu fasa tsofaffin batura a bayan katangarmu. Harshenka bai yi kuskure ba, ita dalma ba a jin ta a baki.

Na san shekarar da aka haife ni ka haƙa ta, zurfin gaba goma sha biyu, kai kaɗai. Duk da haka, don Allah ka rufe ta yau. Kada jikoki su ƙara sha, a kai su asibiti a duba jininsu.

Sauran ruwan yana kan teburina. Ba dama in sha, na kuma kasa zubarwa. Kowace safiya nakan buɗe in sansana, in mayar da tsumman Inna.

Ka yafe mini.

Taka,
Auta