Kofur Sa'idu a Ƙarƙashinka Ya Rasu

Zuwa ga Mai Girma tsohon shugaban 'yan sandan yankinmu, wanda yanzu yake neman ƙuri'unmu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranka ya daɗe, sunana Bello, ina noman shinkafa a fadamar Gummi. Ranar Juma'ar da ta wuce na ji ka a rediyo kana ba da tarihin aikinka, tun kana sufeto har ka yi ritaya. Ka ce duk zamanka a nan ba ka rasa ɗan sanda ko ɗaya ba. Inna, mahaifiyarmu, tana gefena tana tsintar wake. Ta ajiye faifan ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Bari in tuna maka abubuwa uku. Na farko: yayana, Kofur Sa'idu, direbanka ne. Shi yake kai ka Anka da Bukkuyum, kana ce masa "ɗana". Da damina ta kankama, kai ka tura shi tsaron hanyar Nasarawa Burkullu, su 'yan kaɗan, da motar da sai an tura take tashi. Ya roƙi ƙarin mutane, aka ce ya yi haƙuri.

Na biyu: da 'yan bindiga suka buɗe musu wuta, manoma ne suka ɗauko gawarsa a amalanke. Ni na yi masa wanka. Ba ka zo jana'iza ba, ba ka aiko ta'aziyya ba. Ba da jimawa ba aka ƙara maka girma ka tafi. Muka haƙura, muka ce ajali ne.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro: Sa'idu ya bar 'ya, Hauwa'u, ta fara wayo. Ta ji maganarka, ta tambaye ni ko dama babanta ba ɗan sanda ba ne.

Ba diyya muke nema ba. Ka koma inda ka yi maganar ka gyara ta, ka ambaci sunansa da na waɗanda suka faɗi tare da shi. Sannan ka zo ka gai da mahaifiyarsa, ba da ayarin kamfe ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon gyara wannan magana tun a duniya, kafin ranar da Sa'idu zai tashi ya ba da amsa da bakinsa.

Wassalam.

Bello, ƙanen marigayi,
Gummi.