Yatsa Ɗaya, Mutum Goma Sha Bakwai

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Gwiwar ta sake shi kuwa? Ki ce masa Auta yana gaishe shi.

Kin sha yi mini gori cewa shekara ashirin ina aikin jarida ban tara komai ba sai tsofaffin takardu da ciwon ido. To, ki shirya janye maganarki. Bankin da Baba ya yi wa masinja shekara talatin da biyar zai cika hamsin, kuma ni aka ɗauka in rubuta littafin tarihinsa. Shugaban bankin da kansa ya kira ni ofishinsa a hawa na tara. Ya taso ya tarye ni a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa ni ɗan gida ne, mahaifina mutumin mahaifinsa ne. Wai sunayen marubuta shida aka kawo masa, ya ce shi ɗan Masinja yake so. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Ga tarihin a taƙaice, tunda a gida Baba bai taɓa ba mu shi ba. 'Yan kasuwa ashirin da huɗu ne suka kafa bankin, dillalan fata da auduga da masu manyan motoci, saboda bankunan baƙi na wancan zamanin ba sa bari su wuce baranda. Yawancinsu ba su iya rubutu ba, don haka suka kafa doka: hannun jarin mutum ba ya komawa ga wani sai mai shi ya zo da ƙafarsa ya dangwala babban yatsansa a cikin rajista. A shekara ta goma sha biyu gwamnati ta karɓe bankin. Sati ɗaya kafin haka, mutum goma sha bakwai suka sayar da nasu ga akawun bankin, wato mahaifin Shugaba. Shi aka biya diyya, kuma da gwamnati ta gaji ta saki bankin, hannunsa ta mayar da shi. Yanzu wani kamfani na ƙasar waje zai saye shi gaba ɗaya, bayan bikin cika shekara hamsin.

Akwai 'ya'ya da jikokin waɗancan goma sha bakwai da suka daɗe a kotu, suna cewa iyayensu ba su sayar ba. A bankin dariya ake yi musu. Shugaba ya ce abin da yake so daga gare ni shafi ɗaya ne mai ƙarfi: in rubuta cewa na ga rajistar da idona, kowa ya dangwala nasa.

Gobe zan sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. An ba ni tebur, da sabuwar waya, har da direba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta

Asabar, 15 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da kowa na gida. Ina fata zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya sauka.

Wannan wasiƙar ta hannun direban motar haya na aiko ta. Kada ki kira ni a sabuwar wayar nan, kuma ki karanta ke kaɗai.

Ɗakin ajiyar yana hannun wani tsoho da kowa ke kira Mai Makulli. Ya san Baba. Da ya gan ni ya ce, "Ɗan Masinja, kai aka turo tonon kabari? To ka toshe hanci." Na ɗauka ƙurar yake nufi. Ya ɗauko rajistar daga akwatin ƙarfe, littafi ne mai bangon fata da sai da hannu biyu ake ɗaga shi, ya ajiye mini a ƙarƙashin fitila, ya koma bakin ƙofa ya zauna ya juya mini baya.

A ofis kwafi ake nuna wa kowa, har lauyoyin masu saye. A kwafin, kowane dangwale baƙin ɗigo ne kawai. A littafin asali kuwa tawadar shuɗiya ce, zanen yatsa ya fito sarai. Na sa gilashin da nake duba ƙananan haruffa. Shafukan farko yatsu ashirin da huɗu ne, kowa da irin nasa, wani fato-fato, wani siriri. Sai na zo satin cinikin. Sunaye goma sha bakwai, shafi shida. An yi dabara: wani dangwalen an karkata shi dama, wani hagu, wani an danna da ƙarfi. Amma a tsakiyar kowanne akwai farin layi a karkace, inda tawada ba ta kama ba, mai ɗan reshe a ƙarshensa.

Yaya, kin san layin nan. Tun muna yara muke wasa da shi. Tabon da sarƙar keken banki ta yi wa Baba ne.

Na ajiye gilashin. Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda yake dunƙule hannun dama da babban yatsa a ciki, ko a hoto. Yadda ya matsa miki, yana da shekara hamsin, ki koya masa rubuta sunansa, muna yi masa dariya yana gumi a kan harafi huɗu, don kawai kada a ce ya dangwala a wurin karɓar albashi. Sannan na duba shekarar. Ita ce shekarar da muka tashi daga ɗakin haya na bayan tasha muka koma gidanmu.

Da zan fita Mai Makulli bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ka ga tarihin?" Na ce na gani. Ya ce, "Marubuci na gari ai ba duk abin da ya gani yake rubutawa ba. Shi ya sa aka zaɓo ɗan gida."

Yanzu na gane riƙon hannun da aka yi mini a hawa na tara. A duk garin nan ni kaɗai ne ɗan jaridar da ba zai iya buɗe baki ba sai ya tura ubansa gaban alƙali.

Kada ki ce wa Baba komai tukuna. Ina tunani.

Ƙaninki,
Auta

Laraba, 26 ga wata

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarki ta iso jiya, na karanta ta sau uku a tsaye.

Bari in fara da nawa labarin, sai ki ga inda ya haɗu da naki. Ranar Alhamis da ta wuce na koma ɗakin ajiya, na tarar da akwatin ƙarfen a buɗe, babu komai ciki. An ce an kai rajistar wajen masu gyaran tsofaffin littattafai, ba wanda ya san sunansu. Mai Makulli yana ta haɗa kayansa a kwali, an sallame shi bayan shekara arba'in, da takardar godiya da agogon bango. Ya ce in taya shi ɗaukar kwalin zuwa titi. A bakin titi ya zaro wata tsohuwar jarida ya miƙo mini, ya ce, "Ku 'yan jarida ba kwa ƙin kayanku. Ka karanta shafin tsakiya a gida." A shafin tsakiya akwai ganye ɗaya na rajistar, an yanke shi da reza, da dangwale uku a kai.

Washegari Shugaba ya kira ni. Shayi ya zuba mini da hannunsa. Ya yabi babin farko, har ya gyara mini shekara guda da na kuskure, kuma shi ne da gaskiya. Sannan ya ce masu gyara sun ƙirga shafuka sun ga ɗaya ya ɓata, ko na lura? Na ce tsohon littafi ne. Ya yi murmushi ya ce haka ne, tsofaffin abubuwa ba su da wuyar lalacewa, shi ya sa ya kamata a kula da su. Daga nan ya tambayi lafiyar Baba. Ya san zancen gwiwar, Yaya. Ni ban gaya masa ba.

Yanzu ga naki. Kin ce mota ta zo da likita, wai banki yana duba tsofaffin ma'aikatansa kyauta saboda bikin. Kin ce kin yi murna, kin fito da katin asibitin Baba da magungunansa, likitan bai ko kalle su ba. Bai auna jini ba, bai taɓa gwiwa ba. Hannun dama kawai ya buɗe, ya juya shi a haske, ya ce jini ba ya isa babban yatsan, yana buƙatar ɗan ƙaramin aiki a asibitinsu, ranar biyu ga wata mai kamawa za su zo su ɗauke shi. Kin tambaye ni ko alheri ne.

Ki duba lissafin da kanki. Ganyen da ke hannuna, shi kaɗai, lauyoyinsu za su ce ƙirƙira ce. Abin da zai tabbatar da shi a duniya guda ɗaya ne, yana jikin Baba.

Ba zan rantse cewa abin da nake tsoro shi suke nufi ba. Aikina ya koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma kada ki bari ya shiga motar nan. Na yi tunanin in rubuta musu shafin da suke so, in mayar da ganyen, a bar mana tsohonmu. Na ma fara rubutawa. Sai na ga ko na yi hakan, yatsan yana nan, su ma sun sani.

Lokaci ya yi da za ki gaya masa. Ki zaunar da shi, ki karanta masa wasiƙuna biyun nan, kada ki tsallake komai. Abin da ya ce shi za mu yi.

Wata farar mota tana tsayawa a gaban shagon wanki da ke kallon ƙofata tun ranar Juma'a. Direban da aka ba ni kuma ya fara tambayata ko ina da ɗakin karatu a wani wuri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta

Lahadi, 30 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Allah ya saka miki, na san abin da na ɗora miki ba ƙarami ba ne. Ambulan ya iso a rufe kamar yadda kika liƙe shi.

Na yi ta juya abin da kika rubuta: cewa Baba bai katse ki ba har kika kai ƙarshe, sannan ya ce, "Yaron nan ya daɗe bai gano ba, ina ce ɗan jarida ne?" Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, daga baya kuma na kasa ci gaba da karatun na ɗan lokaci. Ban taɓa sanin cewa akawun ya kulle ƙofa da shi a ciki, ya riƙa kiran suna yana kama hannunsa yana dannawa, yana ce masa takardun gwamnati ne na gaggawa ba. Ban kuma san cewa sai da diyya ta fito ya gane, ranar da ya ga ɗaya daga cikin dillalan fatar yana kuka a barandar banki ba. Amma na lura bai ɓoye zancen gidan ba. Ya ce ya karɓa, yana sane, domin mu. A ciki muka girma, ni da ke. Wannan ma zai shiga rubutuna.

Takardar da Baba ya dangwala tana gabana. Dangwale goma sha bakwai a jere da tawadar hatimin shagon maigidanki, a ƙarƙashin kowanne sunan da ya faɗa miki da rubutunki. Mutumin da bai taɓa karanta rajistar ba, ya tuna su duka bayan shekara talatin da takwas. Na gwada da ganyen da ke hannuna: sunaye ukun suna nan, na tara da na goma da na sha ɗaya, a jeren da suke a littafin. Tabon bai canja ba ko kaɗan.

Na gana da lauyar magadan a wani kantin littattafai. Jikar ɗaya daga cikin masu manyan motocin ce. Ba ta yi mini alkawarin daɗi ba. Ta ce za ta roƙi kotu ta ɗauki Baba a matsayin shaida, amma ba ta da tabbacin ba za a tuhume shi ba, kuma ana iya ƙwace gidan. Ki gaya masa haka, kada ki sassauta. Gobe da ƙarfe takwas zan kai mata ganyen da takardar. Hotunansu suna hannun tsohon editana, ya san abin da zai yi idan tara ta yi bai ji muryata ba.

Farar motar ta zama biyu tun jiya. Zan bi ta ƙofar baya, ta cikin gidan maƙwabcina tela.

Na so ki kai Baba gidan ƙanwar maigidanki kafin ranar biyu ga wata, amma kin ce ya ƙi. Wai ya gama ɓuya, idan sun zo shi zai buɗe musu ƙofa. To, kada ya buɗe shi kaɗai. Ki tara maƙwabta tun safe, a fito da kujeru ƙofar gida, duk wanda ya zo ya tarar da idanu. Lauyar za ta zo da mota kafin tasu, in Allah ya yarda. Kada ki yarda da kowace mota sai kin ga matar da kanta a ciki. Doguwa ce, tana sa tabarau mai kauri.

Abu ɗaya ya rage. A can ƙasan takardar akwai dangwale na goma sha takwas, shi kaɗai, ba suna a ƙarƙashinsa. Na ɗauka kuskure ne, sai na ga abin da kika rubuta a bayan takardar, cewa kin tambaye shi na wane ne, ya ce, "Wannan nawa ne."

Na rubuta sunansa a wurin da hannuna. Ki gaya masa.

Ki kulle ƙofa, ki yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Auta